Kurma da Kurme

Wasali ɗaya ne ya raba kalmar kurma da kalmar kurme. Ta farko tana nufin mutumin da kunnensa ba ya ji, ta biyu kuwa tana nufin nutsewa a yi iyo a ƙarƙashin ruwa, kamar yadda yaran bakin gulbi ke yi da damina. Ɗalibin harshe ya san kamannin sauti ba ya zama shaidar zumunta tsakanin kalmomi, don haka ba zai yi garajen cewa tsatsonsu ɗaya ba. Amma akwai wata dangantaka da ba ta bukatar ƙamus. Duk wanda ya yi kurme ya zama kurma na ɗan lokaci, ya kuma zama bebe: kunnensa ya toshe, bakinsa ya rufe, ido da hannu kaɗai suka rage masa. Mai ji yakan ɗauki wannan hali a matsayin rashi. Wanda ya tashi da maganar hannu kuwa, bai rasa kome ba.

Wani iyali na birnin Perth, a yammacin Ostareliya, sun ga haka da idonsu a wani hutun makaranta na watan Yuli. Su huɗu ne: uba, wanda sana'arsa gyaran wutar lantarki ce, da uwa, da ɗa mai shekara goma sha biyar, da ƴa mai shekara goma sha biyu wadda aka haifa kurma. Yarinyar tana magana da Auslan, harshen hannu na kuramen ƙasar, wanda a ƙidayar 2021 mutane fiye da 16,000 suka ce da shi suke magana a gida. Uwar ta koyi harshen a ajin dare tun yarinyar tana goye. Yayanta ya koye shi a wajen wasa da faɗa, ba tare da ya san koyo yake yi ba. Uban ne aka bari a baya. Yana da alamu kamar talatin, na ci da sha da barci da “zo nan” da “bari”, sauran kuma ya jingina su ga matarsa. Jimlar da ta fi yawa a bakinsa game da ƴarsa ita ce, “Ki ce mata.” Ba don rashin ƙauna ba ne. Mutum ne mai fita da asuba ya dawo a gajiye, kullum yana cewa zai shiga ajin idan aiki ya lafa, shekara goma sha biyu kuwa aiki bai lafa ba. Yawancin yara kurame, kusan tara cikin goma, iyaye masu ji ne ke haifarsu, saboda haka irin wannan uba ba baƙo ba ne a ko'ina cikin duniya.

Sun yi hayar irin motar nan da mutanen ƙasar ke tafiyar hutu da ita, wadda a Hausa za a iya kiranta motar zango, domin ita ce abin hawa, ita ce kuma masauki. A cikinta akwai kujeru biyu masu fuskantar juna da tebur a tsakani, waɗanda da dare ake shimfiɗe su su zama gado. Akwai murhun gas mai baki biyu, da ƙaramin firiji, da tankin ruwa, da wani gado a sama kusa da rufi inda mutum ba ya iya miƙewa zaune. Inda suka nufa shi ne gandun ƙasa na Cape Range, kusa da garin Exmouth, tafiyar kilomita kimanin 1,250 arewa da Perth. Wanda ya taɓa hawa mota daga Yamai zuwa Damagaram, sai ya ƙara kusan kilomita 350 a kan wannan. Sun kwana a Geraldton, suka kwana a Carnarvon, garin gonakin ayaba, sa'an nan suka shiga ƙasar ja mai gajerun itatuwa, inda shuri ke tsaye jere-jere a gefen hanya kamar rumbunan da aka yi wa ƙaura. Ba sa tuƙi bayan faɗuwar rana, domin lokacin ne kangaru ke tsallaka kwalta.

Mota mai tafiya mugun wuri ce ga mai maganar hannu. Masu ji suna hira ba tare da sun dubi juna ba. Direba yana kallon hanya yana ba da labari, na baya suna dariya. Maganar hannu kuwa sai da fuska da fuska. Daga inda yarinyar take zaune, ƙeyar iyayenta kawai take gani. Na'urar ƙara ji da ke maƙale a kunnenta tana yi mata amfani a ɗaki mai shiru idan mutum ɗaya ke magana, amma cikin rurin inji da iskar taga ba ta kawo mata sai hayaniya. Karanta leɓe ma, wanda masu ji ke zaton yana maye gurbin kunne, rabinsa cinke ne. Ko a Hausa, baba da mama kamanninsu ɗaya a leɓe, domin b da m duka baleɓe ne, abin da ya raba su yana faruwa can ciki, inda iska ke bi ta hanci ko ba ta bi ba, ido kuwa ba ya kaiwa can. Idan aka fashe da dariya a gaba, sai ta taɓa yayanta ta tambaya, shi kuma ya taƙaita mata labarin minti biyar cikin alama uku, ko ya ce zai gaya mata an jima. Kurame da yawa sun san wannan “an jima”, sun kuma san ba ya zuwa.

Dare ya fi haka tsanani. A sansanonin gandun babu lantarki, babu famfo, ba a kuma yarda a hura wuta ba. Kowa da ruwansa yake zuwa daga Exmouth, kuma wurin ajiye mota sai an kama shi ta intanet tun da sauran watanni shida, saboda yawan masu nema a lokacin sanyi. Idan rana ta faɗa cikin Tekun Indiya, duhu yakan sauko gaba ɗaya, taurari su cika sama har ƙasa. Masu ji sukan zauna a kujerunsu su ci gaba da hira cikin duhun. Ga yarinyar kuwa, ɗaukewar haske ɗaukewar magana ce. Uban ya sayi fitilun ɗaurawa a goshi, yana ganin ya warware matsala, ashe duk wanda ya juyo zai yi mata magana sai ya dalle mata ido, ta ga haske ba ta ga hannu ba. A daren farko ta shige mota tun da wuri da littafinta. “Ki ce mata ta fito ta ga taurari,” in ji uban. Uwar ta ce, “Ga ta can, ƙafa huɗu tsakaninku. Ka faɗa mata da kanka.” Bai tashi ba.

Abin da ke kawo mutane wannan lungu na duniya yana cikin ruwa. Gaɓar tana da shingen murjani mai tsawon kilomita kimanin 260, wanda ake kira Ningaloo, kuma hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gado na duniya a 2011. Murjanin da Hausawa suka sani dutsen ado ne na wuya da hannu. A teku kuwa halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi masu gina wa kansu gida na farar ƙasa, gida bisa gida, har ya zama tudu. Suna bukatar ruwa garau mai shigar da hasken rana. Shahararren shingen gabashin ƙasar yana da nisa daga gaɓa, sai da jirgin ruwa. Na nan kuwa ya matso har bakin yashi, domin ƙasar busasshiya ce, ruwan samanta a shekara bai cika kaiwa milimita 300 ba, babu manyan koguna masu kwararo laka su gurɓata teku. Fari ne ya kawo murjani kusa. Mutum yakan ajiye motarsa, ya taka yashi, ya yi iyo kaɗan, sai ga shi bisa murjani iri fiye da 200 da kifi iri kimanin 500.

Kayan kallon uku ne: gilashi mai rufe ido da hanci, da bututun numfashi wanda ake cije bakinsa ɗaya, ɗayan yana sama da ruwa a bayan kai, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Mutum yakan kwanta rub da ciki a fuskar ruwa, yana shaƙa ta bututu, yana kallon ƙasa; in ya ga abin da yake so ya matsa kusa da shi, ya riƙe numfashi ya yi kurme. Sun fara gwadawa a wani wuri mai kwanciyar ruwa da ake kira Lakeside, kusa da cibiyar baƙi ta Milyering. Yarinyar ta cire na'urar kunnenta, ta sa a ƙaramin akwati, ta miƙa wa uwarta ba tare da ta waiwaya ba.

A nan uban ya fara sanin abin da baki yake yi masa. Da ya hango wani kifi kore da shuɗi mai baki kamar na aku yana gwaguyar murjani, sai ya buɗe murya zai ce su duba. Abin da ya fito gunji ne. Ɗalibin furuci zai iya lissafa abin da bututun ya ƙwace: leɓɓa suna zagaye da roba, ba sa haɗuwa, don haka babu baleɓe; haƙora suna cije, muƙamuƙi ba ya motsi, don haka wasula sun narke sun zama ɗaya; gilashi ya toshe hanci, don haka babu ɗan hanci. Tantanin maƙwallato kaɗai ke aiki, yana fitar da ziza wadda ba a yanka ta gaɓa-gaɓa ba. Wannan ɗan abin da ya rage ma ba ya isa inda aka aika shi. Sautin da ya taso daga iska yawancinsa yakan daki fuskar ruwa ya koma. Wanda yake cikin ruwan kuma yana gudun mita kimanin 1,500 a daƙiƙa, alhali a iska 340 ne, saboda haka yakan iso kunnuwa biyu kusan lokaci guda, mutum ya kasa sanin daga ina ya fito. Uban ya ɗago kai, ya tofar da bututu, ya kira sunan ɗansa, ruwan gishiri ya cika masa baki.

Da ya mayar da fuska cikin ruwa sai ya ga ƴaƴansa biyu suna hira. Takalman roba sun ɗauke wa hannuwa aikin iyo, hannuwan suka koma aikin magana. Yarinyar tana nuna wa yayanta wani abu a ƙarƙashin dutse, yana musu, tana nanatawa, har dariya ta sa ruwa ya shiga gilashinsa. Ba gajerun saƙonni suke aika wa juna ba. Gardama suke yi, da zolaya, kamar a tsakar gida. Uban yana shawagi a gefe yana kallon hannuwa suna tafiya da saurin da bai taɓa lura da shi ba. Ya tsinci alamar kifi, sauran duka suka wuce shi. Da suka fito ya tambayi ɗansa abin da ya ba su dariya. Yaron yana goge fuska ya ce, “Doguwar magana ce, Baba. An jima.”

Masu nutso a teku suna da alamunsu na hannu, kuma an manna hotunansu a shagunan hayar kaya. A haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe, ma'ana lafiya lau. A shimfiɗa tafi a karkaɗa shi, ma'ana akwai matsala. A ɗora hannu bisa hannu a motsa manyan yatsu, ma'ana kififiya. Uban ya haddace su cikin rabin sa'a, har ya ɗan ji daɗi, yana ganin ai maganar hannu ke nan. Amma jerin alamu daban, harshe daban. Alamun masu nutso suna iya cewa “kififiya”, ba sa iya cewa “kififiyar jiya ta fi wannan girma, kai ne ba ka gan ta ba don kana gyaran gilashi.” Tun 1960 William Stokoe ya nuna cewa alamun kuramen Amurka suna rarrabuwa zuwa ƙananan sassa marasa ma'ana, siffar hannu da wurinsa da motsinsa, waɗanda ake harhaɗawa su ba da kalmomi, kamar yadda ƙwayoyin sauti ke yi a harshen baki. Auslan ma haka yake, kuma danginsa harshen hannu na Birtaniya ne, yana da nasa ginin jimla wanda ba na Ingilishi ba. Ruwa ma bai bar shi cikakke ba: fuska tana ɗauke da wani kaso na nahawunsa, gira tana nuna tambaya, baki yana nuna yanayin aiki, ga shi bututu ya kama bakin. Yaran suna magana ne kamar mai mura, amma suna magana.

A rana ta huɗu suka je Turquoise Bay, wurin da ya fi ko'ina suna a gandun. Ruwan da raƙuman teku ke watsowa bisa shingen murjani yakan taru tsakaninsa da gaɓa, ya gangara arewa yana neman mafita, har ya sami wata kafa a jikin shingen ya fice zuwa babbar teku. Masu iyo suna cin moriyar wannan jan ruwa: su taka yashi zuwa kudu, su shiga, su kwanta, ruwa ya ɗauke su a hankali bisa murjani ba tare da wahala ba. Sharaɗin ɗaya ne, kuma an rubuta shi a alluna a bakin hanya: a fito kafin a kai wani tsinin yashi da ya kutsa cikin ruwa, domin daga nan jan yakan ƙaru ya karkata waje. Babu masu ceto a gaɓar, kuma an taɓa rasa rayuka a wurin. Sun karanta allon tare, suka yi zagaye biyu lafiya. A na uku uwar da ɗan suka fito da wuri saboda sanyi, aka bar uban da ƴar.

Wata kififiya ce ta taso daga ƙasa ta bi ta gabansa, tana kaɗa hannuwa a hankali kamar ba ta da wurin zuwa. Ya bi ta. Mai bin abin da ke tafiya tare da ruwa ba ya jin gudun ruwan, kamar yadda mai kallon abokin zamansa a mota ba ya jin gudun mota. Uwar ta hango su sun wuce inda ya kamata su juyo. Ta ƙwala masa kira sau uku, iska ta kwashe, kunnuwansa kuma suna cikin ruwa. Yarinyar ce ta ɗago. Ba kiran ta ji ba. Al'adarta ce tun tana ƙarama ta riƙa ɗaga ido tana zagaya wuri da kallo, domin ba ta da kunnen da zai yi mata gadin bayanta. Ta hangi uwarta a kan yashi tana magana da dukan hannuwanta, da faɗi, yadda ake yi wa na nesa. Tazarar da ta cinye murya ba ta cinye wannan ba. Saƙon ya iso cikakke: ruwa yana ja, ku fito yanzu, ki kamo babanki.

Ta cim masa, ta daki kafaɗarsa, ta yi masa bayani da sauri. Ya dube ta ta cikin gilashi, ya ga hannuwa suna motsi, ya zaci murnar kififiya take yi, sai ya ɗaga mata babban yatsa. A Auslan, dunƙulen hannu da babban yatsa a tsaye yana nufin abu mai kyau. Dunƙulen hannu da ƙaramin yatsa a tsaye yana nufin abu mummuna. Yatsa ɗaya ne ya raba su, irin abin da ake kira zubin kamantau a darasin tsarin sauti. Ta kai hannunta dab da gilashinsa ta tsayar da ƙaramin yatsa. Wannan yana cikin alamu talatin da ya sani. Sa'an nan ta kama wuyan hannunsa ta nuna masa ƙasa, ya ga yashi da duwatsu suna wucewa a guje, ta nuna masa tsinin yashi wanda ya kamata ya kasance a gabansu, ga shi ya kusa zama a gefensu. Hankalinsa ya tashi, ya juya zai yi iyo ya fuskanci ruwan kai tsaye, abin da ke gajiyar da mutum har ya sare. Ta fizgo shi, ta shata layi da hannu zuwa gaɓa, a gicciye. Suka bi layin suna bugun ruwa da ƙafa. Bai fi minti uku ba ƙafarsa ta taɓa yashi a ƙarshen tsinin, ya durƙusa yana tari, ita kuma ta tsaya a kansa tana faɗa da hannu bibbiyu, faɗan da bai fahimci ko kalma ɗaya a ciki ba, ko da yake ya gane kome.

Hausawa kan ce kurum ma magana ce. Bai ce uffan ba a hanyar komawa sansani. Da dare ya ɗauki fitilar goshin ya rataye ta a ƙofar mota, ya sa jarkar ruwa fara a gabanta, hasken ya bazu ya yi laushi, ya sauka bisa tebur da hannuwan duk wanda ke zaune. Aikin mai lantarki ne, kuma da ya yi tunaninsa tun daren farko da bai ɗauke shi minti biyu ba. Ya zauna gaban ƴarsa ya roƙe ta, da ƴan alamunsa da taimakon fuska, ta maimaita abin da ta faɗa masa a ruwa kafin ta ɗaga yatsa. Ɗan ya buɗe baki zai fassara, uwar ta dafa gwiwarsa. Yarinyar ta maimaita a hankali. Ya kwaikwaya, ta gyara masa yatsu, ya sake, ta sake gyarawa. Hannuwan da ke raba wayoyi masu kaurin zare cikin duhun silin sun zama kamar na yaro mai koyon ɗaurin takalmi.

Shi ma yana da abin da zai ba ta, kuma wannan ne ya fi ba shi wuya. Shingen murjani mai rai ba shiru gare shi ba. Duk wanda ya sa kunne a ruwan yakan ji wani tas-tas-tas mara yankewa, wanda yawancinsa ƙananan jatan lande ne ke yi da ƙugiyarsu, haɗe da gurzar kifaye masu bakin aku. Masu bincike sun nuna cewa ƴaƴan kifi da ke yawo a faɗin teku suna bin wannan ƙara su gano inda za su zauna, kuma shingen da ya mutu yakan yi tsit. Zafin ruwa irin wanda ya faɗa wa Ningaloo a farkon 2025, ya sa murjani mai yawa ya yi fari fat, yana barazana ga wannan ƙarar ma. Yarinyar ta yi kwana huɗu a bisa murjani ba ta san yana da murya ba, domin babu wanda ya tuna ya gaya mata. Uban ya so ya gaya mata, ba shi da alamar ƙara, ba shi da ta soya. Ya nuna teku, ya nuna kunnensa, ya ɗauko kaskon suya ya nuna, ta ɗaure gira ba ta gane ba. Daga bisani ya kama damtsenta ya riƙa tsattsaga shi da kan yatsunsa goma, da sauri, ba tsari. Ta dube shi, ta dubi uwarta. Uwar ta gyaɗa kai. Yarinyar ta tambaya ko kullum haka yake yi, ko da dare. Wannan tambaya uban ya gane ta da kansa, ya amsa da kansa.

Ƙasar da suke zaune a kanta ta san zancen harshen da aka ƙi saurara. Mutanen Baiyungu da Thalanyji da Yinigurdira ne masu wurin tun asali, kuma a wani kogo na Mandu Mandu, cikin gandun, an tono duwatsun ado na bawon dodon koɗi da suka haura shekara 30,000. Sunan da taswira ta rubuta Ningaloo, su Nyinggulu suke rubuta shi, kuma wannan rubutun ya fara bayyana a allunan hukuma. Daga harsuna kimanin 250 da ake yi a nahiyar kafin zuwan Turawa, waɗanda yara ke tashi da su a yau ba su kai 20 ba. Wasu al'ummomin asali kuma, irin Warlpiri na tsakiyar hamada, suna da cikakkiyar maganar hannu da masu ji ke yi, musamman mata masu takaba waɗanda al'ada ta hana su magana da baki na tsawon lokaci. Adam Kendon ya yi littafi a kan haka a 1988. A ƙasar Hausa ma, binciken Constanze Schmaling a Kano, wanda aka buga a 2000, ya bayyana maganar hannu ta kurame a matsayin harshe mai tsarinsa. Mai karatu ya sha ganin ɗan kasuwa a Maraɗi ko Tawa yana ciniki da kurma da hannu har su daidaita. Abin yabo ne, sai dai ciniki bai kai hira ba. Alamu talatin suna isa a sayar da goro, suna isa a ce wa yaro ya ci abinci. Ba sa isa a ji abin da yake tsoro, ko a gane gargaɗinsa kafin ruwa ya kai tsini.

Kwana goma ba sa koya wa mutum harshe. Ranar da suka bar gandun, uban bai fi alamu tamanin ba, jimlolinsa kuma Ingilishi ne da aka sa wa safar hannu, abin da ke ba ƴarsa dariya ba ta ɓoyewa. Ko zai shiga ajin dare idan sun koma, wannan yana ga aikin da ba ya lafawa da kuma shi kansa. Abin da ya canza a fili shi ne wurin zama. Bayan sun sha mai a Carnarvon, ya miƙa wa matarsa makulli, ya zagaya ya hau baya, ya zauna kusa da yarinyar ya karkato yana fuskantarta. Tsakaninsu da Perth akwai kilomita kusan 900. Ta buɗe tafin hannunsa na hagu, ta fara da wasula biyar, waɗanda a harrufan yatsu na Auslan kowanne yake zaune a kan yatsa ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Ya ruɗe tsakanin na uku da na huɗu. Ta ɗaga masa ƙaramin yatsa, ta ce ya sake daga farko.